Ɗakin da Na Bar wa Shamsu

Jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga Kasablanka ya tsaya a Marrakesh da hantsi, kuma daga nan layin dogo bai ci gaba ba. Na leƙa ta taga na ga inda ƙarafan suka ƙare, sai na tuna tasharmu ta Ƙaura Namoda, wadda ita ma ƙarshen layi ce, sai dai tamu awaki ne ke kiwo a cikinta. Na so in faɗa wa Shamsu haka, amma yana can yana hira da wata tsohuwa da ɗan Faransancin da ya tsinta a kasuwar Maraɗi, tana ta dariya tana dafa kafaɗar jikarta.

Shamsu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana da ta yi aure a Shinkafi. Tare muka karanta aikin gona, tare muka gama. Bayan bautar ƙasa shi ya koma kula da motocin hatsi da mahaifinsa ya rasu ya bari, ni kuma na samu koyarwa ta wucin gadi a wata firamare a Sakajiki. Da wata cibiyar binciken noma ta nemi matasa daga ƙasashen da ruwa ke yi wa ƙaranci, don kwas a kan ban ruwa na ɗigo, ni na ga sanarwar, ni na matsa masa muka nema. A cikin sanarwar akwai magana ɗaya da ta hana ni sakewa tun daga ranar: in an gama kwas, za a riƙe mutum ɗaya daga kowace ƙasa ya yi shekara yana aiki a gonar gwajin cibiyar, da albashi, da damar ci gaba da karatu. Daga Najeriya mu biyu ne. Shamsu ya ce shi yawon buɗe ido ya zo. Ni kuwa wannan gurbin na zo nema, domin in na rasa shi ban san abin da zan koma in tarar ba, in ban da aji cike da yara da allon da ya tsage.

Mai tasi ya sauke mu a wata ƙofar ganuwa, ya ce mota ba ta shiga tsohon gari. Wannan gaskiya ne, daga baya na tabbatar. Nan wani magidanci mai tura amalanke ya ɗora jakunkunanmu tun ba mu ce masa komai ba, ya ce ya san otal ɗin. Na gwada masa Larabcin da na koya a Islamiyya, sai ya kalle ni ya ce ina magana kamar mai huɗuba. Muka bi shi lungu bayan lungu. Ina jin na ga wani shagon masu rini sau biyu, amma ban tabbata ba, kuma ban so in zargi mutum a garinsu a kan abin da ban tabbata ba, sai na ci gaba da bin sa. Ya tsaya da mu a shagon wani ɗan'uwansa mai sayar da darduma, aka ba mu shayi, aka warware mana darduma ɗaya bayan ɗaya har azahar ta gota. Da muka isa otal ɗin, muka sallami mai amalanken da abin da ya nema, sai na waiga na hango ƙofar ganuwar nan da aka sauke mu, ga ta can a ƙarshen titin. Shamsu ya yi ta dariya har yana jingina da bango. Ni ban yi dariya ba. A raina na ce daga yau ba wanda zai ƙara cutata a garin nan.

Ƙofar otal ɗin ƙarama ce, ta katako, in ka gan ta daga waje sai ka ce gidan wani talaka ne. Da muka sunkuya muka shiga sai ga tsakar gida mai faɗi, da itatuwan lemo, da ruwa yana ɓulɓula a wani kwano na dutse. Mai karɓar baƙi, wani dattijo mai tabarau, ya ce mu ne ƙarshen isowa cikin 'yan kwas. Ɗaki biyu suka rage, kuma ba iri ɗaya ba ne, sai mu gani mu zaɓa.

Shamsu ya rusuna mini kamar gaske. A wasan taubasai na wajenmu ɗan namiji ne maigida, ɗan mace kuma bawansa, kuma shi bai taɓa barin wannan wasa ya huta ba.

"Maigida, kai ad da zaɓe," in ji shi. "Ni ɗan mace ne, abin da kar rage shi za ni ɗauka."

Ɗakin farko a ƙasa yake, ƙofarsa tana kallon itatuwan lemon nan. Da dattijon ya buɗe sai na ja na tsaya a bakin ƙofa. Bangon ƙasa ne, ja, ba ko fenti, har ana ganin sawun hannun wanda ya yi yaɓen. Na ɗaga kai na ga azara, an jera kara a kanta. Taga ɗaya ce ƙarama, can sama. Gadon gajere ne, kusa da ƙasa. Dattijon ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce wannan ne ɗaki mafi tsufa a gidan, tun da aka gina shi ba a sake masa komai ba.

Yana faɗa yana murmushi, ni kuwa da kunnen ɗan ƙauyenmu na Ɗan Isa na ji maganar. A gidanmu na can, ina yaro, akwai daminar da rufin ɗakin Kaka ya rufto, Allah ya sa tana waje tana kwashe shanya. Tun daga nan babana bai huta ba sai da ya rushe ɗakunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya ya mai da su bulo da kwano, kuma ranar da aka ture na ƙarshe har zakara ya yanka. A wajenmu, wanda ya yi karatu ya samu hali, abin da ake fara gani shi ne ya fitar da uwarsa daga ɗakin ƙasa. Sai na shiga tambaya. Na ce gara ba ta cin azarar? Na ce in an yi ruwa ba ya yoyo? Na ce yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe? Dattijon ya amsa abin da ya fahimta, sauran ya bi ni da kallo.

Ɗaki na biyu sai da muka fita ta ƙofar baya muka tsallaka wani lungu. Sabon gini ne, bene. Tayil fari tas, silin, talabijin a bango, babbar tagar gilashi. Na ce wannan nake so.

"Ka tabbata?" in ji dattijon. Ya sake tambaya da muka dawo wurin makullai. Ni kuma na ɗauka so yake ya lallaɓa ya liƙa mini ɗakin da kowa ya ƙi, kamar yadda aka so a liƙa mana darduma. Na ce na tabbata.

"Allahu akbar," in ji Shamsu. "Yau Malam Wataƙila ya yanke hukunci. To ni a kai ni ɗakin Kaka."

Har tausayinsa na ji. Na ɗauki hoton ɗakina na tura gida, ƙanwata ta rubuto cewa lallai Yaya ya shiga Turai.

Washegari na gane yadda gidan yake. Mu 'yan sabon gini a wani zaure na ƙasan bene muke karyawa, tare da direbobin motocin 'yan yawon buɗe ido, burodi da shayi a tsaye a tsaitsaye. Duk 'yan kwas a nan aka sa mu. Tsohon gida na malamai ne da manyan baƙi, su kuma a tsakar gida ake kai musu nasu. Wanda ya warware mini zancen shi ne Isufu, wani ɗan kwas daga Damagaram da ke ɗakin da ke kusa da nawa, shi kaɗai ne mai jin Hausa ban da mu. Ya ce wani malami ne da aka kama wa ɗakin ƙasan nan bai samu zuwa ba, shi ya sa ya faɗo cikin namu.

"Tsaya," ya ce, ya ajiye kofinsa. "Kai aka fara nuna wa? Kuma ka ce a'a? Bawan Allah, Turawa tun daga ƙasarsu suke rubutowa suna roƙon a ajiye musu ɗakin nan."

Na ce ai kowa da abin da yake so. Amma na ajiye burodin ban ƙarasa ba.

Ajinmu yana saman tsohon gidan, don haka kowace safiya sai na ratsa tsakar gidan nan. Kowace safiya kuma sai na tarar da shugabar kwas, wata dattijuwar farfesa mai farin gashi, zaune a bakin ruwan da mayafi a kafaɗa. Ita ce za ta zaɓi wanda za a riƙe. A rana ta farko Shamsu yana wani teburi shi kaɗai. Kafin mako ya zagayo yana teburinta, yana tsoma burodi a man zaitun, yana ba ta labarin yadda ake loda gero a Shinkafi da yadda makiyayan Jangeru ke sanin inda ruwa yake a ƙarƙashin yashi. Rabi da Turanci, rabi da Faransancinsa na kasuwa, sauran da hannu. Ita kuma tana dariya tana tambaya. In ya hango ni sai ya ɗaga murya.

"Maigida, an tashi lahiya? Yaya tayil?"

Ba a fushi da taubashi. Duk abin da ya faɗa maka dariya ake yi, in kana da baki ka rama. Sai in yi dariyar, in hau bene, in zauna a kujerar gaba, in buɗe littafi ina kallon rubutu ba na karantawa.

Ban ce Shamsu ya yi mini laifi ba. Iya sanina bai taɓa faɗin wata magana a kaina ba sai ta alheri. Abin da ke cina shi ne komai a sauƙaƙe yake zo masa. Ni na ga sanarwa, ni na yi ta bibiyar biza, ni na san sunan kowane bututu da kowace matattarar ruwa tun kafin mu zo. Shi kuwa ɗakin da na raina na bar masa, shi ya ɗauke shi ya ajiye a gaban Farfesa. Akwai ranar da na lura ya manta da aikin da za mu miƙa, na ƙudurta ba zan tuna masa ba. Ban iya ba. Kafin la'asar na tura masa saƙo, sannan na zauna ina jin haushin kaina.

Sai sanyi ya sauko. Ban taɓa sanin irinsa ba, sanyi ne mai ɗanshi da ke gangarowa daga duwatsun da ake hangowa da ƙanƙara a kansu. Tayil ɗin da na yi murna da shi ya zama kamar ana taka ruwan randa. Iska tana shigowa ta gefen tagar gilashin. Na'urar ɗumama ɗakin tana ƙara amma ba ta ɗumi, na kai kuka aka ce za a duba. Wata safiya na biya ɗakin Shamsu in karɓi wani littafi, na tarar da shi da 'yar shara, ɗakin da ɗumi kamar an kwana da garwashi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san haka ɗakin ƙasa yake. Na yi shekaru ina kwana a cikinsa.

Mura ta kwantar da ni, da zazzaɓi. Abincin garin ya fita raina, komai da zaƙi, har nama sai an sa masa busassun 'ya'yan itace. Ina kwance ina tunanin tuwon dawa da miyar kuka, irin na ɗumame da Innarmu ke ajiye mini. Isufu ya shigo ya gan ni, ya juya ya fita. Ya dawo da kofi a hannu. Ashe ya taho da garin gero da tsamiya daga gida, yana ta tattalinsu, ya dama mini kunu da butar dafa shayi. Ya zauna a bakin gadon har na shanye, yana ba ni labarin 'yarsa da ta fara tafiya bayan tahowarsa. Na juya fuska bango don kada ya ga idona. Shamsu ma ya zo, da lemo cike da aljihu wanda ya tsinko a tsakar gida, ya ce Farfesa tana gaishe ni, ta tambayi ina abokinsa. Abokinsa. Ina jin a lokacin ba ta riƙe sunana ba, ko da yake ba zan rantse ba.

Da na warke sai na sami dattijon mai tabarau a keɓe, na tambaye shi ko akwai wani ɗaki a tsohon gida da ya saki. Na ce saboda sanyi. Ya ce babu, amma zai tuna da ni. Ban ce masa ya rufa mini asiri ba, don ban ga yadda zan faɗi haka ba. Da yamma sai ga Shamsu a ƙofata da jakarsa a kafaɗa.

"Tashi ka kwashe komatsanka."

"Zuwa ina?"

"Ɗakin Kaka. An ce maigida na neman sauyi, kuma bai iya hwaɗa ma bawanai ba, sai ya tahi wurin bare."

Na ce ba haka ba ne, tambaya kawai na yi, wataƙila ma sanyin ya kusa wucewa, kuma ban san ko dokar otal ta yarda ba.

"Lawali, don Allah bar wataƙilan ga. Kai ka tari, ni ban yi. Ni ko cikin mota bisa buhun gero barci nika yi. Amshi makulli."

Na karɓa. Ya kamata in ji daɗi, amma sai na ji kamar sadaka aka ba ni. Duk da haka na yi barcin da ban yi ba tun zuwana, ƙanshin ƙasar yana shiga hancina.

Da safe na riga kowa fitowa. Na sa rigata mai kyau, na zauna a teburin da ke kusa da na Farfesa, na tanadi abubuwan da zan faɗa. Ta fito, ta amsa gaisuwata da fara'a, ta ce ta ji daɗin ganina a tsaye. Sannan ta waiga ta ce ina Shamsu. Kafin in gama bayani sai ga shi ya shigo ta ƙofar baya yana hamma. Masu kai abinci ba su tambaye shi lambar ɗaki ba, suka kawo masa shayinsa yadda yake so, ɗaya har yana dukan kafaɗarsa. Ta ce mu matso duka.

A nan ta yi mana tambaya. Ta ce wannan ban ruwa na ɗigo da muke koya, in an kai shi garinmu zai yi aiki?

Ni ta fara kallo. Na ce ya danganta. Na ce ƙasar fadamar Zurmi daban take da ta tudu, kuma sai an auna ruwan rijiyoyin an ga ko da gishiri, kuma akwai batun tsadar bututu, kuma ba zan so in yanke magana ba sai an yi gwaji na rani biyu ko fiye. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ta gyaɗa kai.

Shamsu ya haɗiye lomarsa ya ce, a gona ba zai yi ba. Ya ce yanzu mutanenmu ba su iya zama a gonakin nesa saboda halin da ake ciki, in ka shimfiɗa bututu ka tafi, shanu su taka, ɓeraye su huda. Ya ce a fara da mata masu lambun bayan gida, masu yakuwa da tattasai, su ne ke ɗauko ruwa a ka, su suka san zafinsa, su za su tsare abin kamar ɗa.

Ta ajiye kofinta ta ce ya maimaita a hankali. Ni kuwa na zauna ina kallon ruwan nan yana ɓulɓula. Maganar matan tana cikin rahoton da na rubuta, can wajen ƙarshe, na kewaye ta da sharuɗɗa. Har yau ina ganin da ni na zauna a tsakar gidan nan tun farko, da na saba da ita, da bakina ya saki. Wataƙila. Wani lokacin kuma sai in ga ko a kan teburinta aka shimfiɗa mini gado, haka zan amsa.

Da kwas ya zo ƙarshe ta kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce mini rahotona ya fi na kowa tsari, kuma tana fatan ba zan bar wannan fanni ba. Daga jin haka na san sauran. Ta ce Shamsu za su riƙe. Ta ƙara da cewa in wani dalili ya hana shi zama, ni ne na gaba, za su aiko mini.

Da la'asar ya same ni a kan rufin otal ɗin, inda ake shanya. Ban taɓa ganinsa haka ba, ba wasa a fuskarsa. Ya ce shi kansa bai zaci zai so abin ba, amma yana so, ya gaji da rigimar direbobi da 'yan kamasho. Matsalar Gwaggo ce, mahaifiyarsa. Tun rasuwar babansa ba ta yarda ya yi nisa, wannan tafiyar ma ta amince ne don an ce gajera ce, kuma tare da ni. In ya gaya mata ta waya za ta ce ya dawo, in kuwa ta ce ya dawo, dawowa zai yi.

"Kai za ka tahi ka hwaɗa mata baki da baki. Maganarka taka ji. Kullum cewa take Lawali bai ƙarya."

Na juyo na dube shi. Sannan na ce, "Ka san wanda za a kira in ka dawo?"

"Awo, na sani," ya ce. "To wa za ni aikawa in ba kai ba?"

Ni kaɗai na dawo. A jirgi, da motar Kano zuwa Gusau, da ta Gusau zuwa Ƙaura, abu ɗaya nake juyawa. Ba sai na yi ƙarya ba. Akwai sanyin da ya kwantar da ni. Akwai mai amalanke. Akwai abincin da ba ya shiga. Ba dangi, ba wanda zai kai mutum asibiti in ban da baƙo irin Isufu, shi ma ya koma gida. In Gwaggo ta tambaya na faɗi abin da na gani, ba wanda zai ce na ci amana. Na huta a gida, na ce gajiya ce ta hana ni zuwa Shinkafi, har Innarmu ta ce in tashi in kai saƙon mutane.

Na shiga motar safe, don hanyar ba ta yamma ba ce yanzu. Na tarar da Gwaggo a inuwar rumfa tana tsince wake a faifai. Ta yi murna, ta sa aka dama fura, ta tambayi mutanen Ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Ba ta kiran sunan Shamsu, ɗan fari ne. Sai da ta gama duk gaisuwar sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ina kab baro mutumin naka? Ya ce mani wai sauran 'yan takardu."

Na gaya mata. Na ce an zaɓe shi ya yi shekara yana aiki da su. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Shekara."

"Shekara, Gwaggo."

"Garin da sanyi? Na ji muryarka ta waya, kamar ba kai ba."

"Akwai sanyi."

"Suna da tuwo?"

"Babu."

"Mutanen hwa? Na kirki ne?"

"Akwai na kirki. Akwai kuma macuta, mun gamu da su."

Ta ture faifan gefe. Na ga yadda kowace amsa ke ƙara mata nauyi, kuma ban faɗi ko kalma ɗaya da ba gaskiya ba. Ta share hannu da bakin zane, ta miƙo mini tafinta.

"Lawali, kai ka gani da idonka, ni ban gani ba. In wurin ba na zama ba ne, kira mani shi yanzu in ce ya taho. Abin da kac ce shi za a yi."

Wayar tana aljihuna, ina jin nauyinta a cinyata. Wata kaza ta zo tana tsattsagar waken da ya zube, ba wanda ya kore ta. Na tuna ajina na Sakajiki. Na tuna tsakar gidan nan da itatuwan lemo, na ga kaina a ciki.

Na ce, "Ki bar shi, Gwaggo. Wurin ya karɓe shi. Suna son shi, kuma ya iya aikin."

Ta janye hannunta a hankali. Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take yi mini tun ina yaro in na ce na ƙoshi alhali ban ƙoshi ba.

"To kai, da kah hi shi karatu, mi ya hana su riƙe ka?"

"Mutum ɗaya suke so. Shi suka zaɓa."

Ba ta ce Allah ya ba ka naka ba, kuma na gode da ba ta ce ba. Ta turo mini kwanon furar da ƙafar ludayi ta ce in sha kada ta tsinke. Sannan ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake, tana share ido da bayan hannu, tana cewa ƙaiƙayi ne.

Da azahar na shiga motar komawa. Ba mu fita gari ba saƙonsa ya shigo: "Maigida, mi tac ce?" Da hoto a ƙasa, yana zaune a bakin ruwan nan da kofin shayi, ƙofar ɗakin ƙasan a buɗe a bayansa, ashe ya koma ɗakinsa. Na buɗe hoton na duba shi sosai, har sawun hannun da ke jikin bango. Na rubuta, "Ta yarda." Sai na riƙe wayar a hannu ban tura ba. Muka wuce gonakin bakin gari, muka wuce shingen sojoji, direba ya ce duk mai kira ya yi yanzu, gaba kaɗan sabis zai ɗauke. Sandar sabis ɗaya ta rage a wayar lokacin da na danna na tura.